Feshin filasmar maganaɗisu: yadda masana'antu ke lulluɓe kaya da garin da wutar walda ba ta iya narkarwa

Feshin filasmar maganaɗisu wata hanya ce ta lulluɓe fuskar ƙarfe, gilashi ko gawayin girafait da wani abu dabam wanda ya fi shi jure zafi, gogayya ko tsatsa. Ana zuba garin abin da ake son shafawa cikin iskar gas da aka zafafa har ta kusa digiri 10,000 a ma'aunin Salshiyas. Garin yakan narke yana tafe, ɗige-ɗigensa su faɗa kan kayan da aka tanada, su baje, su daskare nan take, wani a kan wani, har lulluɓin ya kai kaurin da ake so. A ido aikin ya yi kama da na mai fentin mota, sai dai a nan narkakken ƙarfe ne ko narkakken tangaran yake maye gurbin fenti.

Domin a gane girman wannan zafi, harshen wutar waldar gas, irin wadda masu gyaran salansa da ladireto ke aiki da ita, ba ya wuce digiri 3,200 da wani abin kirki. Shi kuwa ƙarfen tangistin, wanda aka san shi a cikin tsofaffin ƙwayayen lantarki, sai a digiri 3,422 yake narkewa. Ko fuskar rana zafinta kimanin digiri 5,500 ne. Ke nan duk abin da yake narkewa ba tare da ya ruguje ko ya ƙone ba, ana iya fesa shi ta wannan hanya.

Filasma da yadda ake kunna ta

Ɗalibai kan koyi cewa abu yana zama a hali uku: daskararre, ruwa-ruwa da iska. Filasma ita ce hali na huɗu. Idan aka ci gaba da zafafa iskar gas, ƙwayoyin zarrarta sukan fara zubar da wasu daga cikin ilektiron ɗinsu, kuma daga wannan lokaci iskar ta zama mai ɗaukar wutar lantarki kamar waya. Walƙiyar damina filasma ce, haka ma hasken da ke tashi tsakanin ilektirod da ƙarfe a hannun mai waldar lantarki. Masanin kimiyya ɗan Amurka Irving Langmuir ne ya laƙaba mata wannan suna a 1928.

Yawancin na'urorin feshin filasma da ke masana'antun duniya suna kunna ta ne kamar yadda mai walda ke yi, wato da tartsatsin wuta tsakanin ilektirod biyu, ɗaya na tangistin ɗaya na jan ƙarfe. Na'urar maganaɗisu ba ta da ilektirod ko ɗaya, kuma kusan duk fa'idarta da duk matsalarta daga nan suka samo asali.

Wanda ya san taransifoma ya riga ya san rabin labarin. A cikin taransifoma akwai naɗin waya biyu da ba sa taɓa juna. Wutar da ke kai-da-komo a naɗi na farko tana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai sauyawa, shi kuma ya tayar da wuta a naɗi na biyu. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831. A kan feshin filasma, naɗi na farko siririn bututun jan ƙarfe ne da aka naɗe 'yan zagaye kaɗan, sau uku zuwa bakwai, a jikin wani bututu na gilashin kwats ko na tangaran, ruwa yana bi ta cikinsa don kada ya narke. Naɗi na biyu kuwa ita ce iskar gas ɗin da ke ratsa bututun. Wuta tana zagayawa a cikinta, ta zafafa ta, zafin kuma ya sa ta ci gaba da ɗaukar wuta. Wutar gida a Najeriya tana kai-da-komo sau 50 a sakan guda. Ta wannan na'ura tana yi daga sau dubu ɗari biyu zuwa sau miliyoyi, kuma yawancin waɗanda ake feshi da su suna aiki a tsakanin miliyan 2 zuwa 5.

Iska mai sanyi ba ta ɗaukar wuta, saboda haka sai an tayar da filasmar tukuna. Akan fara da iskar argon, wadda ta fi sauƙin kamawa, a rage matsin iska a cikin ɗakin feshin ko a ba ta ɗan tartsatsi. Da ta kama, sai a ƙara wuta da matsi a hankali, a shigo da sauran iskokin da aikin ke buƙata.

Iska kashi uku ake shigarwa ta saman kan feshin, kowace da aikinta. Ta farko tana ɗauko garin ta cikin wani siririn bututun ƙarfe mai sanyaya kansa da ruwa, wanda ake zurawa har tsakiyar filasmar. Ta biyu, wadda akan sa ta yi juyi kamar guguwa, ita ce ke tsayar da filasmar a wuri guda. Ta uku ta fi yawa, tana bin bangon bututun da gudu domin ta shiga tsakaninsa da zafin. A cikin wannan ta uku ne akan gauraya haidirojin, hiliyom, naitirojin ko oksijin, saboda argon zalla rowar zafi gare ta, ba ta miƙa shi ga gari da sauri.

Akwai wani abin mamaki a siffar wannan wuta. Ƙarfin lantarkin ba ya shiga can tsakiya, a gefe yake tsayawa, ya yi zobe kamar awarwaro. Wannan ne ya sa ake iya zura bututun gari a tsakiya, a zuba gari mai sanyi, ba tare da filasmar ta mutu ba.

Tarihi a taƙaice

Feshin narkakken ƙarfe ya girmi filasma. Max Ulrich Schoop, wani injiniya a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, shi ne ya ƙirƙiro shi wajajen 1910, yana fesa ƙarafa masu saurin narkewa irin su darma da tutiya. Feshin filasma mai ilektirod ya shiga masana'antu a shekarun 1950, lokacin da injinan jiragen sama da rokoki suka fara neman abin da zai jure zafin da ƙarfe kaɗai ba ya iyawa.

Ita kuwa filasma marar ilektirod, tun 1884 Bajamushen masani Wilhelm Hittorf ya lura da ita a cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta, amma ta daɗe a matsayin abin kallo na ɗakin gwaji. Injiniyan Tarayyar Sobiyet Georgy Babat ya wallafa aikinsa a 1947, inda ya nuna ana iya riƙe ta har a matsin iska irin na waje. A 1961 Thomas Reed, na ɗakin binciken Lincoln da ke ƙarƙashin Cibiyar Fasaha ta Masacuset a Amurka, ya nuna yadda juya iskar ke tsayar da filasmar a cikin buɗaɗɗen bututu da iska ke ratsawa. Daga aikinsa ne kan feshin zamani ya fito. Cikin 'yan shekaru masana sinadarai suka ƙera ƙaraminsa domin auna ƙarafan da ke cikin ruwa, ƙasa, jini ko duwatsun ma'adinai, kuma wannan ƙaramin ne ya fi yaɗuwa a ɗakunan gwaje-gwajen duniya har yau.

Mayar da shi kayan aikin masana'anta ya ɗauki lokaci. Wuri biyu suka yi fice a wannan: Jami'ar Shabruk da ke lardin Kwibek na Kanada, a ƙarƙashin Farfesa Maher Boulos, da Jami'ar Tokiyo ta Japan, inda Farfesa Toyonobu Yoshida ya yi aiki a kan haɗa filasmar maganaɗisu da mai ilektirod a kai guda. A 1990 Boulos ya kafa kamfanin Tekna a Shabruk, wanda ya shahara da kan feshi mai bututun tangaran da ruwa ke sanyayawa. Wannan sauyi ne ya ba da damar ƙara wuta zuwa ɗaruruwan kilowat, domin bututun kwats ba ya jure wuta mai yawa kafin ya tsage.

Inda ta bambanta da mai ilektirod

Bakin na'ura mai ilektirod ƙarami ne, faɗinsa milimita 6 zuwa 10. Filasmar takan fito daga cikinsa da gudun ɗaruruwan mita a sakan, wani lokaci fiye da dubu, kuma ta gefe ake watsa mata gari. Ƙwayar gari ba ta samun fiye da kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan a cikin zafin. Wadda ta dace da tsakiya ta narke, wadda ta bi gefe ta isa da ɗanyen ciki.

Bututun na'urar maganaɗisu kuwa faɗinsa milimita 35 ne, ko 50, ko 70, har 100, kuma iskar cikinsa tana tafiya a hankali, 'yan gomman mita a sakan. Garin yana shiga ta tsakiya, ya bi tsawon wutar, ya daɗe a ciki ninki goma ko fiye da haka. Sakamakon shi ne hatta manyan ƙwayoyi, masu faɗin maikiron 100 ko sama, na abubuwa masu taurin kai irin su tangistin da tantalom, sukan narke har cikinsu. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum bai cika wuce maikiron 100 ba. Gari mai manyan ƙwayoyi ya fi araha, kuma ba ya kwasar oksijin kamar mai laushi.

Fa'ida ta biyu tsabta ce. Ilektirod yana cinyewa a hankali, ɓurɓushin tangistin da jan ƙarfe su bi wutar su shiga lulluɓin. A aikin gyaran shaftin famfo wannan ba abin damuwa ba ne. A gilashin da haske zai ratsa na kilomitoci, ko a ƙarfen da za a dasa a jikin mutum, babban aibi ne. Rashin ilektirod kuma yana nufin ana iya aiki da iskar da za ta cinye shi cikin ɗan lokaci, kamar oksijin zalla ko kilorin.

Amma tafiyar hawainiya tana da nata farashi. Ɗigon da ya iso a hankali ba ya bajewa da ƙarfi kamar wanda aka harbo. Domin a sami lulluɓi marar ƙofofi, na'urar maganaɗisu ta dogara ne ga cikakken narkewar garin da kuma zafin kayan da ake fesawa. Inda ake buƙatar gudu, akan sa wa kan feshin wani matsattsen baki irin na roka, wanda ke sa iskar ta fita da gudun da ya zarce na sauti.

Yadda lulluɓin ke kamawa

Kafin feshi akan wanke kayan a cire maiƙo, sannan a watsa musu tsakuwar alumina da iska mai ƙarfi har fuskarsu ta yi kaushi. Dalili shi ne a mafi yawan lokuta lulluɓin yana riƙe ne da ƙananan ramuka da tudun fuskar, kamar yadda filasta ke kama bulo mai kaushi ta ƙi mai santsi. Kowane ɗigo yakan baje kamar waina a tanda, ya huce da saurin da ya kai kimanin digiri miliyan guda a sakan, na bayansa ya faɗo a kansa. Idan aka yanka lulluɓin aka duba da madubin ƙara girma, za a ga faifai-faifai a jere, da 'yan ƙofofi a tsakaninsu. Idan kayan suna da zafi sosai lokacin feshin, ɗige-ɗigen sukan haɗe da juna da kuma ƙarfen da ke ƙasa, iyakokin su ɓace, lulluɓin ya kusa zama kamar zubi.

Kusan kullum a rufaffen ɗaki na ƙarfe ake wannan aiki, wanda aka zuƙe iskarsa aka maye ta da argon. Kan feshin yana maƙale a saman ɗakin yana kallon ƙasa. Ba a cika motsa shi ba, saboda yana haɗe da wayoyin wuta mai saurin kai-da-komo waɗanda ba sa son tsawo ko lanƙwasa. Kayan ne ake juyawa a ƙarƙashinsa. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana irin ayyukan da fasahar ta fi dacewa da su: sanduna, faifai, zobba da bututu, wato abubuwan da ake iya juyawa a kan sanda.

Zaren gilashi na sadarwa

Aikin da filasmar maganaɗisu ta fi daɗewa tana yi a masana'anta shi ne na gilashi. Zaren gilashin da ke ɗaukar bayanan intanet da hasken leza kaurinsa a mafi yawan lokuta maikiron 125 ne, kuma daga wata ƙatuwar sandar gilashi ake jawo shi, bayan an tausasa bakinta a tanderu. Duk abin da ke cikin sandar, mai kyau ko marar kyau, zai bayyana a zaren. Sandar tana da ciki, inda haske ke bi, da kuma riga da ke kewaye da shi. Dole rigar ta kasance ba ta lanƙwasa haske kamar cikin, domin ta riƙa mayar da shi ciki duk lokacin da ya nemi fita.

Babban maƙiyin wannan gilashi shi ne ruwa. Ɗan ragowar ruwa da ya maƙale a cikinsa yana shanye haske, musamman a tsayin zango na nanomita 1,383. Harshen wutar haidirojin da oksijin, wanda aka saba narka gilashi da shi, ruwa yake haifarwa idan ya ci. Filasmar oksijin da argon kuwa busasshiyar wuta ce.

Kamfanin Heraeus da ke Hanau a Jamus ya daɗe yana amfani da wannan. Ana shigar da tururin sinadarin silikon mai kilorin, da oksijin, da wata iska mai fulorin cikin filasmar. A nan suke haɗuwa su zama gilashi, wanda ke sauka a jikin sandar tsantsar silika da ke juyawa a gaban wutar, shafi bayan shafi. Fulorin shi ke rage wa rigar ƙarfin lanƙwasa haske, kuma zafin filasma yana ba da damar shigar da shi da yawa. Zaren da ake jawowa daga irin wannan sanda shi ake amfani da shi wajen kai hasken leza a ɗakin tiyata, da injinan yankan ƙarfe, da na'urorin auna haske. Na'ura mai ilektirod ba za ta iya wannan aiki ba, domin kilorin da fulorin za su cinye ta, ƙarfen da suka ci kuma ya gurɓata gilashin.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi kama da feshin gari na sosai. Bayan an gama ƙera cikin sandar, wanda shi ne mai tsada, sai a ƙara mata kauri ta hanyar zuba tsabtataccen yashin kwats cikin filasma, ya narke ya manne a jikinta. Masana'antun zaren sadarwa na Alcatel a Faransa, waɗanda daga baya suka koma hannun Draka, sun yi aiki da wannan dabara domin samun manyan sanduna da ake jawo ɗaruruwan kilomitoci na zare daga kowace guda.

Tangistin: daga asibiti zuwa tukunyar nukiliya

A cikin na'urar ɗaukar hoton ƙashi, ana harba ilektiron kan wani faifan ƙarfe. Kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsu ne kawai ke zama hasken eksire, sauran 99 zafi ne. Saboda haka ake juya faifan sau 3,000 zuwa 10,000 a minti, don kada wuri guda ya narke, kuma ake yin hanyar da ilektiron ke bugawa da tangistin da aka gauraya da ɗan reniyom, wanda ke rage masa tsagewa. Tangistin yana da nauyi da tsada, shi ya sa jikin faifan yakan zama na molibdinom ko girafait. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce a danne gari a gasa shi, amma feshin filasma a ɗakin da ba iska yana cikin hanyoyin ɗora tangistin a kan faifan, kuma a nan iyawar na'urar maganaɗisu ta narka manyan ƙwayoyi ba tare da gurɓata su ba tana da daraja.

Wannan ƙarfe dai shi ake sa ran zai fuskanci zafin cikin injinan haɗa ƙwayoyin zarra, irin ITER da ƙasashe da dama ke ginawa a Kadarash da ke kudancin Faransa. Matsalar ita ce tangistin da ƙarfen da ke bayansa ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi, saboda haka mahaɗarsu takan tsage. Masu bincike, ciki har da na Cibiyar Nazarin Filasma da ke birnin Firag na Jamhuriyar Cek, suna gwada feshin maganaɗisu wajen gina lulluɓin da ke farawa da ƙarfe zalla, a riƙa ƙara tangistin a cikin garin sannu a hankali, har a ƙare da tangistin zalla a sama. Da haka babu wani layi guda da duk wahalar za ta taru a kansa. Wannan har yanzu bincike ne, bai zama sana'a ba.

Titaniyom da ƙashin ɗan Adam

Titaniyom ƙarfe ne marar nauyi mai ƙarfi, amma idan ya narke yana haɗiye oksijin da naitirojin, ya zama mai saurin karyewa. A shekarun 1980 masu bincike na kamfanin General Electric a Amurka sun yi amfani da filasmar maganaɗisu wajen fesa titaniyom da gaurayensa a kan zaren silikon kabaid da aka naɗe a jikin ganga. Idan aka yanke abin da ya fito, akan sami falle mai zare a ciki. A jera falle-fallen, a danne su da zafi, su zama zobe ko sanda mai ƙarfin gaske don injin jirgin sama. Fasahar ta yi aiki, tsadar kayan ce ta hana su yaɗuwa.

A fannin lafiya, ƙarfen da ake dasawa a ƙugu ko a muƙamuƙi a madadin haƙori akan lulluɓe shi da haidiroksi'afatait, wato sinadarin kalsiyom da fosfet wanda shi ne ginshiƙin ƙashi. Ƙashi yakan gane shi, ya tsiro ya manne da shi, maimakon ya kewaye baƙon ƙarfen da tsoka. Kaurin lulluɓin yakan kasance tsakanin maikiron 50 zuwa 200. Wahalar ita ce wannan sinadari yana rugujewa idan zafi ya yi masa yawa, ya koma wasu nau'o'in da ruwan jiki ke narkarwa da wuri. Yawancin kayan dashen da ke kasuwa da na'ura mai ilektirod ake fesa su, amma jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Jihar Washinton ta Amurka, sun yi nazari mai yawa a kan feshin maganaɗisu saboda tsabtarsa.

A kan wannan sinadari ne kuma aka fara gwada wata dabara da daga baya ta zama reshe mai zaman kansa. Gari mai laushi ƙwarai ba ya gudana a bututu, dunƙulewa yake. Masu binciken Shabruk, François Gitzhofer da Etienne Bouyer da Boulos, sai suka dama shi da ruwa kamar koko, suka fesa damun cikin filasmar. Ruwan ya ƙafe, garin ya narke, duk a tafiya guda. Sun sami takardar mallakar wannan fasaha a Amurka a 1997, kuma yanzu ana amfani da ita har a na'urori masu ilektirod, wajen yin siraran lulluɓi na zakoniya don injinan tabain da batiran da ke samar da lantarki daga iskar gas.

Ana kuma iya sa iskar da kanta ta shiga cikin haɗin. Idan aka ƙara naitirojin ko iskar mitan, garin ƙarfe yakan haɗu da su yana tafe, ya sauka a matsayin abu mai tauri fiye da yadda ya shiga. A 1987 masu bincike a Japan sun nuna cewa har siririn lulluɓin lu'ulu'u ana iya shukawa daga mitan da haidirojin a cikin irin wannan filasma.

Garin da ba a fesa wa komai ba

Abin da ya fi kawo wa masu wannan na'ura kuɗi a yau ba lulluɓi ba ne kai tsaye. Idan aka cire kayan da ake fesawa, aka bar ɗige-ɗigen suka faɗa cikin dogon ɗaki suka huce a iska, kowane ɗigo yakan daskare a matsayin ƙwallo mai santsi marar rami a ciki. Garin da ya shiga da kusurwoyi kamar tsakuwa ya fito yana gudana kamar ruwa. Injinan da ke gina kayan ƙarfe shafi bayan shafi da hasken leza irin wannan gari suke buƙata, na titaniyom, alminiyom, tangistin ko tantalom. Haka ma ƙwallayen tangistin kabaid da ake ɗorawa a kan kayan haƙar mai da na haƙar ma'adinai don kada duwatsu su cinye su da wuri. Wasu na'urorin feshi na wasu nau'o'in ma da wannan gari suke aiki.

Can a Beljiyom kuwa, Cibiyar von Karman tana da kan filasmar maganaɗisu mai ƙarfin kilowat 1,200, wanda aikinsa gwada lulluɓi ne maimakon yin sa. Ana sa garkuwar zafi ta kumbon sama jannati a gabansa, a ga ko za ta jure irin wutar da ke tashi idan kumbo ya dawo cikin iskar duniya. Tsabtar filasmar ce ta sa aka zaɓe ta, domin ɓurɓushin ilektirod zai ɓata sakamakon gwajin.

Abin da ya hana ta mamaye kasuwa

Duk da waɗannan fa'idoji, kaso kaɗan na ayyukan feshi na duniya ake yi da ita. Na farko, tana cin wuta. Tsofaffin na'urorin da ke samar da wuta mai saurin kai-da-komo da kwalbar lantarki suke aiki, irin ta manyan tashoshin watsa shirye-shiryen rediyo, kuma kusan rabin wutar da suka ja a ruwan sanyaya take ƙarewa. Na'urorin zamani masu tiransista sun rage wannan asara sosai, amma sun fi sauƙin ƙerawa ga manyan kawuna masu ƙarancin kai-da-komo. Na biyu, ɗakin ƙarfe, famfunan zuƙe iska, tataccen ruwan sanyaya da argon mai yawa duk kuɗi ne. Na uku, faffaɗar wutar tana zafafa kayan da ake fesawa ƙwarai, siriri ko marar jure zafi yana iya lanƙwashewa. Kuma ba a iya ɗaukar ta a kai ta wurin aiki. Mai son lulluɓe ƙafar gada, ko cikin tukunyar tashar lantarki, ko fikafikan tabain masu lanƙwasa da yawa, wasu hanyoyin zai nema.

Ma'aikaci ma yana buƙatar horo na musamman. Idan aka cika gari, filasmar takan huce, ƙwayoyin su fito ba su narke ba. Idan iskar bango ta yi kaɗan, bututun ya fashe. Hasken wutar yana ƙona ido da fata fiye da na walda, dole a killace naɗin da kejin ƙarfe don kada igiyoyin rediyonsa su cutar da mutane ko su rikita na'urorin da ke kusa, kuma laushin garin titaniyom ko alminiyom da ke taruwa a matatar ɗakin yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka buɗe shi ga iska farat ɗaya.

Wasu daga cikin ma'adinan da wannan masana'anta ke dogara da su akwai su a ƙasar Najeriya. Tsaunukan Jos, waɗanda suka sa ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait a shekarun 1950, suna da zakon a cikin ragowar ƙasar da aka wanke kuza, kuma ana haƙar tantalait a jihohi irin su Nasarawa da Kogi. Daga zakon ake samun zakoniya, daga tantalait kuma tantalom. Sai dai tsakanin buhun ma'adinin da aka haƙo da garin da ake zubawa a kan feshi akwai matakai da yawa na tacewa da sinadarai, na rage girman ƙwayoyi da na tantance su, kuma a waɗannan matakai ne mafi yawan darajar kayan take ƙaruwa. Galibin abin da ake haƙowa ɗanye yake barin ƙasar.